Kart Mai Fanka Uku

A Keita, da zarar an ɗaure damman gero na ƙarshe an liƙe bakin rumbu, abin da ya rage wa namiji shi ne ya kakkaɓe jakarsa. Bida ake kiran tafiyar. Wasu su yi Abijan, wasu Libiya, su bar gari ga mata da tsofaffi da awaki har damina ta matso. Kamilu ɗan Malam Mati shi ya ce ba za shi ba. Mutane suka ce ragwanci ne, alhali ba haka ba ne. Ya taɓa zuwa sau ɗaya, ya yi dakon siminti a Sabha, ya dawo da tarin da ya daɗe bai sake shi ba, ya kuma dawo da tsoron hanyar nan, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Sana'ar da ya ƙirƙiro don ya zauna gida ta isa dariya. Yana da 'yar rumfa kusa da tasha, da farantan hasken rana a kan rufinta, inda yake yi wa jama'a cajin waya. A cikin rumfar akwai wata tsohuwar kwamfuta da ta sha duniya. Kowace Juma'a bayan la'asar, lokacin da 'yan bida ke hutun aiki, sai ya kunna wasan dambe a kwamfutar, ya jingina wayarsa da gwangwanin madara tana kallon allon, ya watsa kai tsaye. Wasan ba wani abin a zo a gani ba ne, bakin Kamilu ne kasuwar. Yakan yi wa 'yan damben nan na cikin inji kirari irin na filin kokawa, da Adaranci tsantsa, ya ce wannan ɗan Deule ne, wancan kuma surukin mai garin Allakaye ne da ya zo ramuwa. Mazan da ke kwance a ɗakunan haya a Sabha da Abijan su yi ta dariya har da hawaye. Wasu su turo masa ɗan abin shan shayi.

Ƙorafinsu ɗaya ne kullum. Hoton dishi-dishi yake, yana tafiya yana tsayawa. Suna jin murya, amma ba sa gane wa ya kayar da wa. Kamilu ya ɗora laifin a kan tsohuwar kwamfuta da gwangwanin madara, kuma duk wanda ya ga kayan nan biyu zai ce gaskiyarsa. Ya tabbatar wa kansa cewa ranar da hoto ya yi garau, masu kallo za su ninka, abin shayi ya zama abin tuwo.

Malam Mati bai saba doguwar magana ba. Wata safiya yana gyaran ƙotar hauya ya kira ɗan nasa.

"Kamilu, ni ban gane wanga aiki naka ba, kuma ba ni son in gane. Geron ga ba ya kai mu damana, kai ka sani. Na ba ka har kaka mai zuwa. In abin ga naka ya ciyad da gida, zamna. In bai ciyar ba, ka bi maza."

"To, Baba."

Daga ranar Kamilu ya duƙufa neman ilimin inji. Ya kalli bidiyon Turawa masu watsa wasa har idonsa ya yi ja, yana haɗa Faransancin lakwal, wato makarantar boko, da ƙiyasi. Ya koyi cewa inji yana da ƙwaƙwalwa, yana da babban allo da komai ke hawa kansa, yana da akwatin da ke raba masa wuta. Amma duk bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kart grafik, wato ɓangaren da ke zana hoto. Akwai ƙarama mai fanka ɗaya, akwai babba mai fanka uku, kuma duk wanda ya ɗauki kansa wani abu a cikinsu mai uku ce a gabansa. Babu ko ɗayansu da ya yi zancen rezo, wato layin intanet, domin a inda suke ba ya yankewa balle a tuna da shi.

Ya sayar da babur ɗinsa da albasar da ya noma a fadama, ya tura wa Muntari kuɗin. Muntari mijin yayarsa Zaliha ne, baban 'yarta Raihana, magini ne a Sabha, mutum mai sanyin hali wanda bai iya cewa a'a ba. Rabin saƙon Keita ta hannunsa yake bi. In ka aike shi allura zai kawo maka har da zare, ya kuma ba ka haƙuri a kan jinkiri.

Damina na matsowa, wata rana da hantsi, Muntari ya kira shi ta bidiyo daga cikin wani kantin kayan kwamfuta. Sun riga sun gama da sauran kayan, saura kart.

"Ga ta nan, mai hwanka guda," in ji Muntari, yana ɗaga kwalin. "Mai butik ya ce ta isa aikinka har da saura. Ya ce in tambaye ka, yaya rezon garinmu?"

"Rezo lahiya lau, Yaya. Ba da shi nika kallon bidiyo kullum ba?"

"Ya yi wata magana ta shiga da hita. Wai abin da ka shigowa daban, abin da ka hita daban. Ban kama Larabcin sosai ba."

Kamilu ya yi tsaki. "Abin da ke hannunai shika son saidawa. Ni mai hwanka ukku nika so."

"Babu ta nan. Ya ce sai Tarabulus." Muntari ya share zufa da bayan hannu. "Kuma mutanenmu wanga mako suka tashi. In na hau Tarabulus ba ni iske su."

Kamilu ya san nauyin wannan magana, don shi ma ya bi hanyar. Mutanen Adar ba sa komowa gida ɗai-ɗai. 'Yan gari ɗaya su kan haɗu su cika mota, ruwansu ɗaya, garinsu ɗaya, in wani ya kwanta a ɗauke shi, in sojan hanya ya tsare wani a tsaya masa. Wanda ya rasa ayarin garinsu sai dai ya shiga cikin baƙi, inda ba wanda ya san sunan ubansa. Duk wannan Kamilu ya sani. Amma ya riga ya ga fankoki uku suna juyawa a cikin rumfarsa, ya ga samarin fada, majalisarsu ta shan shayi, sun cika ƙofa suna leƙe.

"In da wahala a bari, Yaya," ya ce, da irin muryar da kowa ya san abin da take nufi.

Wanda ke auren yayarka ba zai so a ce saƙon ƙanin matarsa ya gagare shi ba. Muntari ya yi murmushi ya mayar wa mai kanti kwalin.

"Ba wahala, auta. Sai na zo."

Sauran kayan suka biyo ayari. Yadda aka saba, ba a ɗora wa mutum ɗaya saƙo mai tsada, ana rarraba shi ne, don in an ƙwace na wani a hanya na wani ya tsira. Haka injin Kamilu ya shigo Keita gaɓa-gaɓa. Wani ya zaro ƙwaƙwalwar daga cikin safa, wani ya kawo babban allon a tsakanin barguna, wani kuma ya ɗauko akwatin wutar a cikin tukunyar da ya sayo wa uwarsa. Kowa ya miƙa nasa sai ya ce, "Muntari na nan tahe, ya ce ya hau neman babbar."

Kamilu ya harhaɗa su da hannunsa, samarin fada na tsaye a kansa suna ba da shawarar da ba wanda ya nema. Ya danna maɓalli. Injin ya yi numfashi, 'yan fitilu suka kama, allon kuwa ya tsaya baƙi ƙirin. Bai yi mamaki ba. Ƙwaƙwalwar da ya zaɓa ba ta zana hoto da kanta, Turawan sun ce mai babbar kart ba ya bukatar haka. A tsakiyar injin akwai wani dogon gurbi a buɗe, sai ya rufe shi da ƙyalle don ƙura.

Saƙonnin muryar Muntari suka riƙa shigowa. Daga Tarabulus ya ce, "Na same ta, auta. Nauyi gare ta kama da bulo." Daga Sabha ya ce ya sami mota, ba ɗan gida ko ɗaya a ciki, amma mutanen kirki ne. Daga Agadas muryar ta zo a shaƙe: "Ɗan zazzaɓi na nika ji, ba komi. Kak ka hwaɗa ma yayarka." Bayan wannan wayarsa ta daina shiga.

An yi ruwan shuka, gari ya watse gona. Kamilu yana rumfa da safe sai motar Tawa ta sauke wani dattijo siriri mai jakunkuna biyu. Ya nufo rumfar kai tsaye, ya yi sallama, ya ce sunansa Jima, mutumin Allakaye ne, yana neman gidan su Muntari magini.

Kamilu ya gane jakar tun kafin mutumin ya rufe baki. Shuɗiya ce mai igiyar da aka ɗinke da zaren buhu, Zaliha ce ta ɗinke ta. A gefenta kusurwar wani kwali ta turo yadin. Abin da ya fara faɗo masa a rai, kafin tsoro, kafin salati, shi ne: kart ta iso. Ƙiftawar ido ne kawai, amma ya ji shi sarai, kuma daga ranar bai sake ganin kansa da daraja ba.

Jima ya ba da labarin a zauren gidan su Muntari, a gaban dattawa. Ya ce a tashar Agadas ya tsince shi kwance a gindin bango, ya rungume jaka. Abokan tafiyarsa sun sauka kowa ya kama gabansa, masu wucewa kuma sun ɗauka barci yake.

"Ni ma wucewa za ni yi, sai na ji shina sambatu da harshenmu. Na ce wanga na gida na. Munka kai shi likita, amma an makara. Can munka yi mai sutura." Ya girgiza kai. "Likita ya ce zazzaɓin ba mai wuya ba na. Da da nashi kusa, da an kai shi tun da wuri."

Bai faɗa don ya soki kowa ba, bai ma san wanda ke zaune a bakin ƙofa ba. Daga cikin gida kukan Zaliha ya tashi. Kamilu ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma sai shi aka aika ya shimfiɗa tabarmin zaman makoki.

Aka shigar da jakar ɗakin Zaliha aka rataye, ita kuma ta shiga takaba. Ba a taɓa kayan mamaci sai an zo rabo, kuma ko da ana taɓawa, da wane baki Kamilu zai je ya ce a duba masa saƙonsa? Mutanen ayari sun san dalilin da ya raba Muntari da su. Ba wanda ya faɗa masa a fuska. Sai dai in ya iso fada hira ta canja, a miƙa masa shayi ba tare da an dube shi ba.

Daminar nan gona biyu ya noma, ta ubansa da ta Muntari da ke kan tudu, tsakanin jerin duwatsun da uwayensu suka ɗauka a ka zamanin aikin froje na hana zaizayar ƙasa. Ya yi noman kamar mai neman ya kashe kansa. Juma'a ta zo ta wuce bai kunna ko tsohuwar kwamfutar ba. Waɗanda suka rage a Abijan suka yi ta turo tambaya, ina ɗan Deule, ina surukin mai gari, bai amsa ba. Sabon injin ya lulluɓe shi da tsohon zane a kusurwar rumfa. Duk da haka, kuma wannan ne abin da ya fi ci masa rai, bai daina son kart ɗin ba. Yana cikin noma sai ya kama kansa yana tunanin ko zafin ɗaki zai lalata ta. Ya riƙa gaya wa kansa cewa in ta yi aiki, in gida biyu suka ci daga gare ta, to aƙalla tafiyar Muntari ba ta tashi a banza ba.

Gero ya nuna, ba laifi ba yabo. Zaliha ta fita takaba ana cikin girbi, aka yi rabon abin da ya bari, wanda bai taka kara ya karya ba. Washegari ta aika a kira ƙanin nata.

Ya same ta zaune a ƙofar ɗaki, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. A gabanta akwai sabon turmin atamfa, an naɗe wani abu a ciki.

"Tsarabata ta," ta ce. "Baban Raihana ya naɗe abinka cikinta don kar shi bugu. Malamin rabo ya ce saƙo ba gado ba na. Ɗauki."

Kamilu ya durƙusa. "Yaya, akwai maganad da ban hwaɗa miki ba."

"Na sani. Ya kira ni ran da za shi hau Tarabulus. Na ce mai ya biyo mutane, ya ce autanmu babba shika so." Ta faɗe shi ba ɗaga murya, tana kallon tabarma. "Kwana nai ya ƙare, ban ce kai ba na. Abu guda nika so. In ka haɗa, ka kira ni. Ina son in ga abin da ya tahi nema."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya warware atamfar ya ninke ya ajiye mata, ya ɗauki kwalin. Da nauyi kamar yadda Muntari ya faɗa.

Ranar Juma'a bayan la'asar Zaliha ta zo rumfar, karon farko a rayuwarta. Ya ba ta kujerarsa, ya kori samarin da suka fara taruwa. Ya cire gefen injin ya bar shi a buɗe don ta gani da idonta. Kart ɗin ta shige gurbinta da 'yar ƙara, baƙa, doguwa, fankokinta uku a jere. Ya danna maɓalli.

Allon ya kawo. Kamilu bai taɓa ganin irin wannan hoto ba. Ga zufa tana gangarowa a kafaɗar ɗan damben, ga zaren wandonsa ɗaya-ɗaya, ga ƙurar da ƙafarsa ke tayarwa. Sai da ya manta komai na ɗan lokaci, daɗi ya kama shi kamar yaro. Zaliha ma ta matso da fuskarta.

"Kama da mutum," ta ce a hankali.

Ya zaɓi hoto mafi kyau, na can ƙololuwa, ya fara watsawa. Labari ya riga ya zaga, masu kallo suka shigo fiye da yadda ya taɓa gani. Kafin ya buɗe baki wata alama a gefen allon ta koma ja, rubutu ya fara zubowa. Hoto ya tsaya. Ba mu ganin komi. Kamilu, rage shi.

Ya rage mataki ɗaya. Alamar ba ta canja ba. Ya sake ragewa, ya sake, har ya kai na ƙarshe wanda babu wani a ƙasansa. Sai alamar ta koma kore. Yawwa, suka rubuto, yanzu muna gani.

Ya ɗauki wayarsa ya shiga kamar mai kallo, don ya ga abin da suke gani. Dishi-dishi ne. Inuwa biyu suna dukan juna, suna tafiya suna tsayawa, daidai da zamanin gwangwanin madara. Ya dubi allon da ke gabansa mai zufa da zaren wando, ya dubi wayar. A nan ya fahimci Larabcin da Muntari bai kama ba. Rezon Keita yana shigo da bidiyon duniya ba laifi, amma ƙofar da yake fitar da naka 'yar ƙarama ce, kuma babu kart ɗin da za ta faɗaɗa ta. Wannan kyakkyawan hoto ba zai taɓa wuce bakin rumfar nan ba. Mai fanka ɗaya da ke kantin Sabha, wadda da ta biyo ayari a cikin jakar Muntari, abin da za ta aika ke nan.

"Mi suka cewa?" in ji Zaliha, domin ba ta yi lakwal ba.

"Sun ce suna gani."

Ta gyaɗa kai. Idonta ya koma cikin injin, ta daɗe tana kallo.

"Kamilu, hwankokin ga ba su juyawa. Ta lalace?"

Ya duba. Ko motsi ba su yi ba. Ya san dalili, Turawan sun faɗa da alfahari: babbar kart ba ta tayar da fankokinta sai aiki ya yi mata yawa ta ɗau zafi. Zai iya cewa haka ake yin su, ya tsaya nan. Amma ta zo ne ta gani, kuma ya gaji da rufe abu da ƙyalle.

"Lahiyarta lau, Yaya. Aikin na bai kai ba. Ta hi ƙarhin abin da nika yi."

"Ƙaramar hwa? Wadda ya nuna maka can?"

"Da ta isa."

Zaliha ba ta yi kuka ba. Ta gyara lulluɓinta ta miƙe, ta tsaya kaɗan tana kallon 'yan damben da ke ta tsalle suna jiran a taɓa su, sannan ta fita. Rubutu yana ta zubowa, ana cewa ina kirari, yau bakin ya mutu ne. Kamilu ya buɗe baki, ya nemo ɗan Deule ya rasa, ya nemo surukin mai gari ya rasa. Ya kashe injin.

Bai sallama nan take ba. Ya ɗaure na'urar rezon a kan dogon gora ya ɗaga ta sama da rufi. Ya canja layi. Ya ɗora inji da batura a kan amalanken jaki ya kai su gindin eriyar kamfanin waya a kan dutse, yara na binsa suna dariya. Ko'ina alamar ja take sai ya sauko matakin ƙarshe. Kirarin ma da ya dawo, ya dawo ba gishiri, masu kallo suka riƙa zamewa. Abin shayin da ake turowa ko shayin bai isa ba, ga shi yanzu gida biyu ke kallon hannunsa.

Ya kai kart ɗin Tawa, ya kai ta Madawa ranar kasuwa. Masu kantuna suka juya ta suka yaba, suka mayar masa. Wani ya ce, "Wa za shi sai wagga nan? Ka kai ta inda ta hito."

Malam Mati bai tuna masa da alkawari ba. Ranar da aka liƙe bakin rumbu ya dube shi kawai, Kamilu ya ce, "Na ji, Baba."

Ayarin Libiya ya tashi wata Asabar da safe. Maza sun cika tasha, mata na tsaye nesa kaɗan da ƙullin gari da ƙuli-ƙuli. Kamilu ya rufe rumfarsa, ya bar wa maƙwabci farantan hasken rana. Tsoron nan da bai taɓa faɗa wa kowa ba ya dawo masa sabo. Tun a nan mutane suka fara kawo masa saƙo, wannan ta ce a duba mata ɗanta, wancan ya ce a sayo masa waya in an dawo.

Zaliha ta ratso mata ta zo har gabansa. Shuɗiyar jakar ce a hannunta, ta sake ɗinke igiyar da sabon zare. Ta karɓi ledar da ya ƙunsa kayansa ta juye a ciki, ta sa kwalin kart ɗin a tsakiyar tufafi yadda ba zai bugu ba, ta ja zip. Kusurwar kwalin ta turo yadin a daidai inda ta turo wancan karon.

"Yaya, ki yahe mini."

Ta rataya masa jakar a kafaɗa, ta riƙe igiyar ba ta saki ba har direba ya yi oda.

"Kak ka rabu da mutane," ta ce. "Ko wa ya aike ka. Ko ni."

Ya hau bayan motar ya zauna a tsakiyar 'yan garinsu, ya rungume jakar a ƙirjinsa.